Hannun Inna da Ya Daina Kaiwa Baki

Assalamu alaikum 'yan uwana masu jinya, da waɗanda jinya ke tafe gare su ba su sani ba tukuna. Sunana Hadiza, a nan Gwallaga Yaya Dije ake ce mini. Mahaifiyata, Inna, ta samu sauƙi, Alhamdulillahi. Amma sauƙin bai cika ba, kuma abin da ya rage ɗin a hannuna ya lalace. Duk danginmu sun san haka, ni ma na sani. Ina ba da labarin ne don wata ta ji kafin ta yi irin tawa.

Sai na fara gaya muku yadda nake da Inna, in ba haka ba za ku ce hauka na yi. Ni ce 'yar fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a cikin garin Bauchi, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, can na girma. Har na yi aure, har na aurar da tawa 'yar, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" ce, ko "waccan". Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Ƙanwata Mairo kuwa, auta, ko bayan ta yi aure ta tare a sabon gidansu na Gwallameji, in ta zo gida sai ta baje a cinyar Inna tana shagwaɓa. Ban taɓa ƙorafi ba, al'ada ce. Amma ina gani.

Da damina abin ya faru. Inna tana zaune a gidan marigayi Babanmu tare da iyalin ƙanena. Ta fito da buta za ta yi alwalar azahar, ta taka gansakukar da ke bakin rijiya, santsi ya kwashe ta. Ta kai hannun dama ƙasa don ta tare. Kafin in iso a keke, gwiwar hannun ta kumbura kamar gwanda, ita kuwa tana zaune jingine da bango, ba ta ce uffan ba, sai gumi.

Goggo Uwale, ƙanwar Babanmu, ta riga ni zuwa, har ta aika a kira mai ɗori. Mairo ta iso da cikinta ɗan ƙarami, ta ce sam, asibiti za a je. Aka yi ta ja. A wannan karon Mairo ce ta yi nasara, kuma na gode Allah da ta yi.

Asibiti kuwa, Allah Ya saka wa na kirkin cikinsu, Ya shirya sauran. Layin kati daban, layin hoto daban, layin ganin likita daban, kuma kowane layi sai an ce miki ba nan ba ne, koma can. Wata nas ta daka mini tsawa don na tambaye ta sau biyu. Wata mai shara kuma, da ba ta san mu ba, ta ɗauko kujerarta ta ba Inna, ita ta tsaya. Da muka samu shiga, likita ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna mana. Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka gwiwar hannu ƙashi ɗaya ne mai tsini. Ashe ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin, ɗaya ya sauko daga kafaɗa, biyu suka taso daga wuyan hannu. Ya nuna wani ɗan layi siriri kusa da mahaɗar, ya ce nan ne ya tsage, amma bai goce ba, ba sai an yi aiki ba. Aka naɗe hannun da simintin asibiti, a lanƙwashe, kamar mai rungume da jariri.

Da aka zo maganar inda za ta yi jinya, ban bari kowa ya buɗe baki ba. Na ce gidana. Mairo tana zuwa ofis, ga ciki. Matar ƙanena ga yara ƙanana. Ni kuwa kullum ina gida, in ban da awarar da nake soyawa a ƙofar gida da yamma ba ni da wani wurin zuwa. Maigidana Malam Sule, kafinta ne, ya ce, "Uwa ai ba a shawara a kanta. Kawo ta."

Ranar farko na tuƙa tuwon shinkafa miyar kuka, na ajiye mata, na juya zan fita kamar yadda na saba. Na daɗe a tsakar gida, na dawo na tarar ba ta taɓa ba. Inna ba ta cin abinci da hagu, ko da za a yanka ta. Na kawo cokali, ta riƙe da hagun, hannun yana rawa, miya ta zuba a zaninta. Ta ajiye ta ce, "Ɗauke."

Sai na wanke hannuna, na zauna a gabanta, na yanko loma na dangwala miya na miƙa. Ta kalli bango. Ta daɗe tana kallon bangon nan. Sannan ta buɗe baki.

'Yan uwa, ina da jika a lokacin, amma ranar ce yatsuna suka fara taɓa leɓen mahaifiyata. Na fita bayan ta gama na shiga madafa na yi kuka, ban san na mene ne ba.

Daga nan komai ya dawo hannuna. Ni ke zuba mata ruwan alwala in wanke mata fuska. Ni ke ɗaura mata ɗankwali, in tsefe mata kai, in cuɗa mata baya. Masu dubiya suna ta zuwa, wannan da lemo, wannan da kunu a fulas, kowa ya ga yadda nake yi sai ya ce, "Kai, Dije, Aljanna kike nema da gaske." Goggo Uwale tana gaya wa duk wanda ya shigo, "Ko ƙuda ba ta bari uwar ta kora da kanta." Malam Sule kuma yana tsokanata, "An yi sabuwar jaririya a gidan nan, mu tsofaffin yara an manta da mu. Ni ma bari in je in nemi gansakuka in taka."

Inna ta fara yi mini hira. Ba da yawa ba, amma tana yi. Wata rana ina ba ta fura ta ce, "Ke ma haka kike shan fura kina ƙarama, sai kin rufe ido." Ban san ta taɓa lura da yadda nake shan fura ba.

Da lokacin cire simintin ya yi, muka koma. Aka yanka shi da wani zarto mai ƙara kamar injin niƙa. Hannun ya fito siriri, fatar tana saɓa, yana wari. Aka sake hoto. Likita ya ce ƙashi ya haɗe, Alhamdulillahi. Sannan ya faɗi maganar da ba zan iya cewa ban ji ba, don ni karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena ba ya zubar da magana. Ya dube ni, ni ɗin nan, ya ce, "Hajiya, aikin ƙashi ya ƙare, saura aikin gaɓa. Gaɓa motsi ne abincinta. Ta riƙa ci da hannunta ko da rabi zai zube. Kada a sake rataye hannun nan. Ku wuce ɗakin fiziyo yau ɗin nan." Fiziyo shi ne abin da muke ce wa gashin ƙashi.

Muka wuce. A can muka haɗu da Madam Rifkatu, wata doguwar mata 'yar kudancin Bauchi, mijinta soja ne a barikin Shadawanka. Hausarta irin ta bariki ce, kowa namiji ne a bakinta. Ta ce wa Inna, "Mama, sannu. Ka zauna nan, ka ba ni hannu." Inna ta waiwayo ta dube ni, ta ce ƙasa-ƙasa, "Da wa take?" Na danne dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Madam ta ɗora tawul mai zafi a gwiwar, ta jira, sannan ta riƙe damtsen da hannu ɗaya, ta kama wuyan hannun da ɗayan, ta fara turawa a hankali wajen kafaɗa. Inna ta cije. Madam ta ƙara kaɗan. Sai Inna ta yi ƙara. Matar da ta haifi 'ya'yanta a ɗaka ba wanda ya ji muryarta, matar da ta karye tana zaune shiru, ita ce ta kurma ihu a gaban baƙi, tana kiran sunan Allah. Madam ta ce, "Haka yake da farko. Ku dawo jibi, kuma ku yi a gida safe da yamma."

A cikin keke muna komawa, Inna ta kama gefen mayafina da hagu ta riƙe. Ta ce, "Kada ki sake kai ni wurin matar nan." Sannan ta kwantar da kanta a kafaɗata, har muka iso Gwallaga ba ta ɗaga ba.

Jibi ta zo ta wuce, ba mu je ba.

Ban ɓoye wa kowa ba. Mairo ta zo ƙarshen sati ta tarar na rataye hannun da gyale a wuyan Inna, ina ba ta shinkafa a baki. Ta ja ni tsakar gida.

"Yaya, ba likita ya ce a daina ratayewa ba?"

"Likita ba uwarsa ba ce."

"To fiziyon fa?"

"Ke ba ki ji ihun da ta yi ba. Ni na ji. Ba zan kai uwata a sa ta kuka a gaban mutane ba."

"Kukan kwana kaɗan ne, Yaya. In hannun ya ƙage fa?"

Sai na hau ta da girma. Na ce, "Mairo, lokacin da na san Inna ke ko cikinki ba a yi ba. Kin iya zuwa da mota ranar Asabar ki ba da umarni ki tafi. Wa ke kwana da ita? Wa ke wanke ta?" Goggo Uwale tana zaune a tabarma, ta karɓe, "Gaya mata dai. Ƙashin tsoho ba ya son wasa. A bar shi ya huta, a riƙa shafa man shanu. Zan kawo kitsen mesa, shi ke sakin jijiya." Mairo ta share hawaye ta ce, "Allah Ya ba ki haƙuri, Yaya," ta tafi. Na yi nasara. Har daɗi na ji.

Haka muka shiga sati bayan sati. Kitsen mesa ya zo, da tsadarsa da ƙarninsa, na shafa. Wata maƙwabciya ta ce a gasa da ganyen tumfafiya, na gasa. Wani ya kawo rubutu, ta sha. Duk abin da aka ce in yi wa hannun na yi, in ban da abu ɗaya da likita ya ce, wato a bar shi ya yi aiki.

Kuma ina ganin alamu, kada in yi ƙarya. Da farko in ina mata wanka tana ɗan ɗaga hannun in wanke hammata. Daga baya sai ya zama kafaɗar ma ba ta ɗaguwa, sai in cusa soso ta ƙasa. Rigunanta suka daina shiga, na kai wa tela ya tsaga hannun dama ya sa maɓalli. In ta idar da salla za ta yi addu'a, tafin hagu yana kallon sama, na dama kuwa ya tsaya a kaikaice, ya ƙi juyawa. Malam Sule ya taɓa ce mini, "Dije, anya hannun nan ba baya yake yi ba?" Na ce masa ya je ya ji da katakonsa. In tunanin ya taso mini sai in ce ai gobe ma rana ce, bari ta ƙara ƙarfi. Gaskiyar ita ce lokacin cin abinci ya zama lokacin da na fi so a duk yinina, kuma ban so a karɓe mini shi.

Damina ta wuce, sanyi ya shigo, Mairo ta haihu. Ranar suna muka tafi Gwallameji tun da safe. Ni babbar ya, aikin tukunya nawa ne, ina bayan gida da masu girki. Inna aka zaunar da ita a falo tare da dangin mijin Mairo, manyan mata, surukai. Na cire mata gyalen don kada a yi ta tambaya, ta rufe hannun da mayafi.

Da aka fara rabon abinci na ɗauko tire zan shiga falon. Ina bakin labule na hango an ajiye wa Inna faranti, waina da miyar taushe, abin da ta fi so a duniya. Na ga ta fito da hannun daga mayafi, ta gutsuri waina, ta dangwala. Ta ɗago. Hannun ya taso ya tsaya a daidai ƙirjinta. Ta sunkuyar da kai, ta miƙa wuya, tsakanin yatsunta da bakinta akwai kusan taƙi guda. Ta sake gwadawa, kafaɗarta tana rawa. Sai ta mayar da wainar cikin farantin a hankali, ta goge yatsu a gefensa, ta ja mayafi ta rufe.

Uwar mijin Mairo ta ce, "Hajiya, bismillah mana, ko miyar ba ta yi ba?"

Inna ta ce, "A'a, ta yi. Azumi nake."

Da safen nan ni na ba ta koko da ƙosai da hannuna. Inna ba ta ƙarya ko da wasa, ta sha dukan ƙannena a kan ƙarya. Ga ta yau ta yi ƙarya da sunan ibada a gaban surukai, don ba za ta ci da hagu ba, kuma ba za ta bari a ba ta a baki kamar yarinya a cikin taro ba. Ta yini a falon nan, ana ci ana sha, ko ruwa ba ta kurɓa ba, don ta riga ta faɗa.

Na shiga ɗakin mai jego na ajiye tiren. Ƙofar ɗakin tana kallon falo, Mairo ma ta ji. Tana rungume da jaririnta ta ce, "Yaya." Na ce, "Na ji." Ba ta ƙara komai ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na ce wa Inna ta shirya za mu asibiti. Ta ce, "Wurin matar nan?" Na ce eh. Na jira ta ƙi. Ba ta ƙi ba, ta ce in miƙo mata mayafi.

Madam Rifkatu ta gane mu. Ta taɓa hannun, ta gwada lanƙwasawa, ta gwada miƙewa, ta gwada ɗaga kafaɗar. Ta ɗauko wani ma'auni kamar rula biyu da aka haɗa da ƙusa, ta auna. Sannan ta ce, "Wane ne yana lura da Mama a gida?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ka zo nan. Ba ni hannunka."

Ta kama hannuna ta lanƙwasa ta miƙe. Ta ce wannan aiki ɗaya ke nan na gwiwar hannu, buɗewa da rufewa kamar ƙofa. Ta sa na manne gwiwar a haƙarƙarina, ta juya tafina sama, ta juya ƙasa. Ta ce wannan aiki na biyu, ƙashi ɗaya ne yake mirginawa a kan ɗan uwansa, shi ya sa kike iya karɓar abu a tafi, kike iya juye shi. Ta ɗora yatsana a gefen gwiwar, na ji wani ɗan ƙashi yana juyawa a ƙarƙashin fata, abin da yake jikina tun haihuwa ban taɓa sani ba. Ta ce kafaɗa kuma daban take, kan ƙashin a dunƙule yake yana zaune cikin ɗan rami, yana juyawa ta ko'ina kamar taɓarya a turmi. Ta ce bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, kuma kowace gaɓa tana cikin wata 'yar jaka mai ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. In ana motsi, ruwan yana zagayawa, jakar tana laushi. In aka daina, jakar sai ta tsuke ta yi tauri kamar fatar da aka manta a rana, jijiyoyi su gajarce.

"Ƙashin Mama ya warke tuntuni," in ji ta. "Jakan ne ya tsuke. Kafaɗa ma da bai karye ba, ya tsuke don an rataye shi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba duka zai dawo ba. Da kun zo wancan lokaci, da yanzu Mama yana daka. Amma za mu nemi baki. In hannu ya kai baki, mun gode Allah."

Na ce, "Madam, ni na hana." Ta ce, "Na sani. Kullum mai son su ne yana hanawa. Yanzu kai ne za ka tura."

Watannin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Muna zuwa asibiti a kai a kai, wata rana mijin Mairo ya kai mu a mota kafin ya wuce ofis, Allah Ya saka masa, sauran ranaku keke, kuma kuɗin keke kullum ƙaruwa yake. Jarin awarata a hanyar nan ya narke. Wata rana mu yi sammako mu tarar an ɗauke wuta, na'urar gashi ba ta aiki, a ce mu dawo. Wata rana layi ya kai azahar. Amma Madam ba ta taɓa tsallake mu ba, ko ta gaji. Har ta koyi cewa "ki" saboda Inna, in ta manta ta ce "ka" sai Inna ta ce, "Ga gemuna nan, ai kin gani."

Na gida shi ne mai wuyar. Safe da yamma in dafa ruwa in gasa gwiwar da tawul, sannan in riƙe damtsen in tura, kamar yadda aka koya mini, har inda zafi ya fara, in tsaya a nan ina ƙirga numfashinta. Malam Sule ya kafa ƙugiya a saman ƙofa ya zura igiya, tana ja da hagu tana ɗaga dama. In tsayar da ita a jikin bango tana hawa da yatsu kamar gizo-gizo. In ba ta muciya ta riƙe tana juyawa sama da ƙasa. In zuba wake a faifai in ce ta tsince. Goggo Uwale ta zo ta gani ta ce, "Yau na ga ikon Allah, an mayar da tsohuwa 'yar aiki." Na ce, "Goggo, a yi haƙuri," ban daina ba.

Abinci kuwa, sai in ajiye mata da dogon cokalin katako da Malam ya sassaƙa, in koma gefe. Rabi a baki, rabi a zani. Tana kallona, ina kallon ƙasa.

Inna ta yi kuka a hannuna ba sau ɗaya ba. Ta ce mini azzaluma. Ta ce, "Da can kin fi kirki." Hirar da take yi mini ta ɗauke ɗif. Ta daina jingina da ni a keke, sai ta matsa can gefe ta riƙe ƙarfe. In Mairo ta zo sai fuskarta ta sake, ta kai ƙarata, "Waccan za ta ɓalle mini hannu." Na koma "waccan" sosai, har fiye da da. Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara, don ni na jawo.

Sauƙin a hankali ya zo, kamar tsiron gashi. Wata rana babban yatsanta ya taɓa maɓallin wuyan riga. Bayan wani lokaci ya taɓa haɓa. Muka daɗe a haɓar nan, har na fid da rai. Aka rage tsawon cokalin, aka sake ragewa.

Azumi ya kama. Wata yamma muna zaune a tabarma, ladan ya kira magariba a ɗan masallacin bayan gidanmu. Na ajiye dabino a faranti na juya zan zuba kunu. Da na waiwayo sai na ga ta ɗauki ƙwaya ɗaya da dama. Ta ɗago, ya tsaya a haɓa. Ta sunkuyar da kai, ta tura gwiwar hannun da gefen gwiwar ƙafarta, ta miƙa leɓe. Dabinon ya shiga. Ta tauna a hankali, ta fitar da ƙwallon a tafin hagu, ta ce, "Alhamdulillahi." Ba ta dube ni ba. Malam Sule da ya shigo ɗaukar buta ya tsaya cak, sannan ya ce, "Allahu Akbar. Inna, gobe sai dambe." Ta ce, "Da kai zan fara."

Bayan ƙaramar Salla ta ce a mayar da ita gidanta. Ban hana ba.

Yau hannun Inna yana kaiwa baki, amma sai ta sunkuya ta tarye shi. Ba ya miƙewa sosai, kullum da ɗan lanƙwasa. Ba ta iya ɗaura ɗankwali ita kaɗai, ba ta kai hannu bayan wuya. Tafin yana juyowa sama wajen addu'a, amma bai kai na hagu ba. Madam ta ce nan ne iyakarsa. Duk ranar da na ga tana kokawa da ɗankwali, na san laifin waye ne.

Don haka, 'yar uwa, in an cire wa naki siminti aka ce ya motsa, ki bar shi ya motsa. Zai yi kuka, zai ce ba ki da imani. Masu dubiya za su ce kin cika tauri. Ki bari abinci ya zube, zani ake wankewa. Ki yi masa abin da ba zai iya ba, ki bar masa abin da zai iya ko da da ƙyar ne.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta. Na tarar tana cin tuwon masara a ɗakinta. Na zauna daga bakin ƙofa inda na saba zama. Ta yanko loma ta ɗago, miya ta gangaro ta bi wuyan hannunta za ta shiga riga. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba.

Ta ce, "Ke. Zauna a kan hannun nan naki."

Na janye, na cusa hannuwana ƙarƙashin cinya kamar 'yar makaranta. Ta kai lomar bakinta, ta lashe miyar da kanta. Ta ci ta biyu. Sannan ta sa bayan hannun nan mai lanƙwasa ta turo kwanon tsakaninmu, tana kallon bango.

"Je ki wanko hannun naki," in ji ta. "Tuwon ya yi mini yawa."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya tausayi da kuma ƙarfin zuciyar da za su riƙe shi. Wassalam.